Coci, Amya da Silima: Tarihin da Muke Wucewa a Hanya



Idan aka ce tarihin Zazzau, hankalinmu kan tafi ga Sarauniya Amina da ganuwa. Amma akwai wani tarihin a tsakanin Samaru da Sabon Gari, wanda muke bi ta kansa kullum a cikin Keke Napep ba mu waiwaya ba.

Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Da layin dogo daga Legas zuwa Kano ya ratsa Zariya, sai ma'aikata da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da Hausawa, suka yada zango kusa da tasha. A irin wannan unguwa ta baƙi silima ke samun gindin zama, shi ya sa har yau dattawa ke kwatance da Rex. Nan leburan reluwe da ɗalibai suka riƙa haɗuwa da dare kallon fim ɗin Indiya, ko da iyaye na ganin zuwa silima lalacewa ce.

Ita kuwa Samaru gona ce ta haife ta. A 1922 Turawa suka kafa tashar binciken noma, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan buɗe ta a 1962. Sai dai tun kafin zuwan masana, manoman ƙauyukan kewaye sun san kiwon zuma. Su saƙa amya da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su ɗora a kan ɗorawa, sannan su hau da dare da wuta su ɗebi saƙa. Yau masu kiwon zamani akwatin katako suke ajewa, amma wa ya rubuta yadda tsoho ke gane amyar da ta cika?

A gefe guda ga Wusasa, inda mishan ɗin da Likita Mila ya kafa a cikin birni ya koma. Cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 ginin ƙasa ne irin na maginan Hausa, kuma da Hausa aka riƙa ibada a ciki. A unguwar ne Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Shekarun nan duk suna cikin littattafai, ba za su ɓace ba. Abin da zai ɓace shi ne nawa ake biyan tikiti, me mai tsire ke cewa a ƙofar silima, wace maƙwabciya ce ta raka wata asibitin mishan tana naƙuda. Wannan yana bakin tsofaffi ne kawai, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makwanci.

Don haka kafin ka ƙirƙiro attajirin Abuja a labarinka na gaba, ɗauki wayarka, ka sami kakanka ko tsohuwar gidanku, ka tambaye su, ka naɗa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.