Wonder (littafi)

Wonder ƙagaggen labari ne na yara da marubuciya 'yar Amurka R. J. Palacio ta rubuta, kamfanin ɗab'i na Alfred A. Knopf kuma ya wallafa shi a watan Fabrairun 2012. Sunan yana nufin abin al'ajabi. Littafin yana cikin rukunin da ake rubutawa domin yara 'yan shekara 8 zuwa 12, rukunin da galibi yake magana a kan abota, makaranta da yadda yaro ke samun gurbi a cikin sa'o'insa. Yana ba da labarin August Pullman, wanda ake kira Auggie, yaro ɗan shekara 10 da aka haifa da nakasar ƙasusuwan fuska, a shekararsa ta farko a makaranta. Littafin ya samu karɓuwa sosai a wurin yara da malamai, amma ya jawo muhawara a tsakanin masu irin lalurar Auggie a kan ko wa aka rubuta wa labarin.

Asalin littafin

Sunan marubuciyar na ainihi Raquel Jaramillo. An haife ta a birnin New York a 1963, iyayenta 'yan asalin Kolombiya ne, ta kuma shafe shekaru tana aikin tsara bangon littattafai kafin ta rubuta nata na farko. Ta sha bayyana cewa labarin ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a bakin shagon sayar da askirim: ƙaramin ɗanta ya ga wata yarinya mai nakasar fuska ya fashe da kuka, ita kuma ta yi sauri ta janye 'ya'yanta daga wurin don kada ran yarinyar ya ɓaci. Daga baya ta yi nadama, domin ta ga cewa gudun da ta yi ya fi kukan ɗan nata muni. Sunan littafin ta ɗauko shi ne daga wata waƙa ta mawaƙiya Natalie Merchant.

Lalurar Auggie ana danganta ta da cutar da likitoci ke kira Treacher Collins, wadda ke hana ƙasusuwan kunci, muƙamuƙi da kunnuwa girma yadda ya kamata. Akan same ta a kusan jariri 1 cikin 50,000, kuma yawanci ba ta taɓa hankali ko kaifin basira.

Labarin a taƙaice

An yi wa Auggie tiyata sau 27, saboda haka mahaifiyarsa ce take koyar da shi a gida. Da ya isa aji biyar sai iyayensa suka sa shi a makarantar kuɗi ta Beecher Prep a Manhattan. Shugaban makarantar, Mista Tushman, ya roƙi ɗalibai uku, wato Jack Will da Julian da Charlotte, su nuna masa gari. Jack ya zama abokinsa, Julian ya zama mai tsangwamarsa, wata yarinya kuma mai suna Summer ta zauna kusa da shi a wurin cin abinci ba tare da kowa ya sa ta ba. Sauran yara suka ƙirƙiro wani wasa da suka kira annoba, inda duk wanda ya taɓa Auggie sai ya ruga ya wanke hannu.

A ranar bikin Halowin, lokacin da yara ke sa kayan ɓad-da-kama, Auggie ya shiga aji ba wanda ya gane shi, ya ji Jack yana aibata shi a gaban Julian don neman shiga. Abotarsu ta watse. Ba ta dawo ba sai da Jack ya gane laifinsa, har ya naushi Julian a kan maganar Auggie, abin da ya sa yawancin yaran ajin suka ƙaurace masa shi ma. A ƙarshen shekara, a wani zangon shaƙatawa a daji, manyan ɗalibai na wata makaranta suka far wa Auggie da Jack, sai wasu daga cikin yaran da a da suke gefen Julian suka tsaya musu. A bikin kammala aji an ba Auggie babbar lambar yabo ta makarantar.

Littafin ya kasu kashi 8, bakin mutum 6 ne kuma ke ba da labarin: Auggie, yayarsa Via, Summer, Jack, saurayin Via mai suna Justin, da tsohuwar ƙawarta Miranda.

Abin da masu karatu suka yaba

Abin da ake yawan yabawa shi ne wannan sauyin baki. Mai karatu yakan fara jin haushin Jack, sai ya zo kashin da Jack ke magana ya tarar da yaro ne daga gidan da ba shi da ƙarfi kamar na abokansa, mai tsoron a ware shi, wanda ya faɗi abin da bai kai zuciyarsa ba. Yara da yawa sun fi ganin kansu a Jack fiye da Auggie, domin wanda ya taɓa yin shiru ko ya bi ayari ana cin mutuncin abokinsa ya fi yawa a kan wanda aka haifa da irin wannan lalura.

Kashin Via ma ya samu yabo, musamman daga 'yan'uwan yara masu lalura. Via tana son ƙaninta, amma ta gaji da yadda komai na gidan ke juyawa a kansa, har ta so ta ɓoye wa sabuwar makarantarta cewa tana da shi. Masu karatu sun ga gaskiya a yadda aka bar ƙauna da gajiya suka zauna a zuciya ɗaya ba tare da an mai da ita muguwa ba.

Malamai sun karɓi littafin saboda gajerun babi-babinsa da barkwancin Auggie, abin da ya sa ya yi daɗin karantawa a bayyane a cikin aji. Darussan ɗabi'a da malamin Turanci Mista Browne ke rubutawa a allo kowane wata su ne tushen gangamin Choose Kind, mai kira ga yara su zaɓi kirki, wanda makarantu da dama suka runguma. Ƙungiyar Children's Craniofacial Association, mai tallafa wa iyalan yara masu nakasar fuska, ita ma ta yi amfani da littafin wajen wayar da kai.

Kyaututtukan da littafin ya ci sun nuna inda farin jininsa yake. Ya lashe lambobin da yara da kansu ke jefa wa ƙuri'a a jihohi kamar Vermont a 2014 da Missouri a 2015. A Birtaniya ya shiga jerin ƙarshe na lambar Carnegie ta 2013. Amma lambar Newbery ta wannan shekarar, wadda kwamitin ma'aikatan ɗakin karatu ke bayarwa, ta tafi ne ga littafin The One and Only Ivan na Katherine Applegate.

Suka da muhawara

Suka mafi nauyi ta fito ne daga masu nakasar fuska da masu fafutukar haƙƙin naƙasassu. Suna cewa littafin an rubuta shi ne don masu kallo, ba don wanda ake kallo ba: Auggie ya zama darasin da wasu ke koyon kirki a kansa. Suna kafa hujja da lambar yabon ƙarshe, wadda a ganinsu an ba shi ita ne don ya jure wulaƙanci, alhali nauyin gyara hali yana kan waɗanda suka wulaƙanta shi. Wasu kuma sun nuna cewa kirki daban, abota daban. Yaron da ake yi wa kirki yana iya zama shi kaɗai a wurin cin abinci, abin da yake nema kuwa shi ne a so zama da shi. Masu kare littafin suna amsawa da cewa labarin da kansa ya bambance biyun: Charlotte tana gaishe shi amma ba ta kusantarsa, ita kuwa Summer ta fara zama da shi don tausayi, ta ci gaba don tana jin daɗin hirarsa.

Akwai kuma masu ganin an sauƙaƙa wa Auggie hanya, tun da iyayensa suna da hali, gidansu cike da ƙauna, makarantar kuma tana da shugaba mai adalci, abin da ba kowane yaro ke samu ba. Wasu sun koka da kashin Justin, wanda aka rubuta ba manyan baƙaƙe kuma da ƙarancin alamomin rubutu.

Ƙorafin da ya haifar da sabon rubutu shi ne na Julian, wanda ba a ba shi baki ba a littafin. Masu karatu sun yi ta tambayar dalilin halinsa, sai Palacio ta fitar da The Julian Chapter a 2014, inda kakarsa, Bayahudiya, ta ba shi labarin wani yaro mai shan inna da ya ɓoye ta a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An haɗa wannan da wasu labarai biyu, na Charlotte da na Christopher abokin Auggie na ƙuruciya, a littafin Auggie & Me na 2015. Labarin kakar ya zama littafin zane mai suna White Bird a 2019.

Fim

A 2017 aka mayar da littafin fim, Stephen Chbosky ya ba da umarni, Julia Roberts da Owen Wilson suka fito a matsayin iyaye. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300 a duniya, an kuma zaɓe shi cikin 'yan takarar Oscar a ɓangaren kwalliya. Sai dai ya sake tayar da muhawarar, domin Jacob Tremblay, wanda ya fito a matsayin Auggie, ba shi da lalurar, fuskar roba aka yi masa. Marubuciya Ariel Henley, wadda aka haifa da cutar Crouzon, tana cikin waɗanda suka soki wannan zaɓi a rubuce. A 2021 ta wallafa tarihin rayuwarta, A Face for Picasso, inda ta ba da labarin tasowarta ita da 'yar'uwarta da aka haife su tagwaye da wannan lalura.