Yadda Masana Suka Gano Sirrin Hancin Ɓera

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani manomin shinkafa a Wurno, kuma mun sami irinta daga Rabah da Goronyo. Yana cewa: "Malam, me ya sa in na kashe ɓerayen rumbuna wasu ke biyo sawunsu, ta hanya ɗaya, kamar an yi masu kwatance?"

To, Malam, an yi masu kwatancen, da fitsari aka yi shi. Duk inda ɓera ya bi yana ɗiga fitsari, wanda ya zo baya kuwa da ya sansana ya san namiji ne ya wuce ko mace, ɗan gida ne ko baƙo.

Tarihin gano wannan ya faro tun 1813, lokacin da wani likita ɗan ƙasar Denmak, Ludwig Jacobson, ya bayyana wani ɗan bututu a ƙasan kogon hancin dabbobi, a saman ganɗa. An fi shekara 100 ba a san takamaiman aikinsa ba. Sai a 1956 Wesley Whitten a Ostireliya ya lura cewa warin namiji kaɗai na sa matan ɓeraye su shiga neman barbara kusan lokaci guda.

Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Hilda Bruce, a Landan, a 1959. Ta ga cewa in an barbari ɓera, sannan cikin kwanakin farko ta shaƙi warin wani baƙon namiji, cikin ba ya zama. Ba cizo, ba duka, wari kawai. In kuwa warin wanda ya barbare ta ne, babu abin da ke faruwa, domin ƙwaƙwalwarta ta riga ta haddace shi. Ikon Allah ke nan! Daga baya aka tabbatar cewa ta bututun nan na Jacobson saƙon ke shiga, ya zarce sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da faɗa da haihuwa. A wannan shekara ta 1959 ce masana biyu, Karlson da Lüscher, suka raɗa wa irin wannan sinadari suna "feromon".

Sauran wari, kamar na shinkafa ko ƙuli-ƙulin tarko, ta babban hanci yake bi. A 1991 Linda Buck da Richard Axel na Jami'ar Kolambiya a Amurka suka gano ƙwayoyin gadon da ke gina masu karɓar wari, aka ba su lambar Nobel a 2004. Ɓeran gida na da irinsu fiye da 1,000, mu 'yan Adam wajen 400. Ka ga ba tsararmu ba ne a nan. Ai shi ya sa ƙungiyar APOPO a Morogoro ta Tanzaniya ta koya wa gafiya, 'yar uwar wadda yaranmu ke haƙa, gano nakiyoyin da aka binne.

Manoman fadamar Rima, musamman waɗanda ke noman rani da ruwan madatsar Goronyo, hatsi ba ya yanke masu, don haka ɓera ma ba ya yanke masu. Kashe wanda ke ciki bai isa ba matuƙar warinsa na nan. A share rumbu kafin a zuba sabon hatsi, a toshe ramuka, a yaɓe tsagar bango, a ɗana tarko a jikin bango inda suka saba bi. Kyanwa kuma a bar ta ta riƙa kwana kusa, don a 2010 masana a Kalifoniya sun nuna cewa wani sinadari na yawunta kaɗai na firgita ɓeran da bai taɓa ganin kyanwa ba.

Sai dai wajen sharar a yi hattara. Ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. A yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, a rufe hanci, a wanke hannu da sabulu.