Wariyar Launi a Tarihin Aikin Dabbobi a Ƙasar Kano

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, Fulani makiyaya suna da nasu rigakafin ciwon huhu. Sukan ɗan tsaga karan hancin saniya mai lafiya, su cusa tsokar huhun wadda cutar ta kashe. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne bushiya, annobar da ta share garkuna wajejen 1890. Ta bar mutane ba abin faɗa sai jaje, har aka laƙaba mata suna "Sannu".

Gab da Yaƙin Duniya na Farko gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen dabbobi a Zariya, a 1924 kuma aka buɗe ɗakin bincike a Vom, kusa da Jos. Allurar da aka riƙa haɗawa a can ta ceci dabbobi masu yawa, wannan ba a musu. Inda gizo ke saƙa shi ne rabon muƙami. Likita Bature ne. Ɗan ƙasa kuwa malamin dabbobi ne: shi ke kayar da bijimi, shi ke soka allura, shi ke tafinta tsakanin likita da Arɗo. Ko wanda ya gama makarantar Vom a shekarun 1940, mataimaki ake kiransa, komai gwanintarsa. A aikin asibitin mutane ma ba a ɓoye ba, domin tun 1902 ƙa'idar ɗaukar likitocin gwamnati a Afirka ta Yamma ta keɓe manyan guraben ga masu asalin Turai. Sai a shekarun 1960 aka fara digirin likitan dabbobi a Ibadan da Zariya.

A gona ma haka aka raina sanin talaka. Kamfanonin Ingila auduga suka so, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma suka yi lissafinsu suka rungumi gyaɗa.

A zamanin mulkin mallaka, a ƙauyuka irin su Gammo, ta ƙasar Kabo kusa da Gwarzo, hukuma kan zo wa makiyayi ta hannun hakimi da dagaci. En'e ɗin da ke kiran a kawo shanu allura, ita ce ke karɓar jangali bisa kowane kai. Shi ya sa wasu kan kora rabin garke daji kafin malamin dabbobi ya iso, kuma da wuya a ga laifinsu. Gangamin rigakafin da aka fara a 1962 ya danne bushiya, ta sake ɓarkewa a 1983, sai a 2011 aka sanar da kawar da ita daga duniya.