Idon da Ya Iso Bayan Kura Ta Tafi

Kakana na wajen uwa ya koma ga Mahaliccinsa yana mai tabbacin cewa a zamanin ƙuruciyarsa kura ta taɓa shiga garken awakinsu a Bacirawa, ta ɗauki bunsuru ta tsallake danga da shi. Da na matsa masa da tambaya sai ya amsa cewa shi bai gan ta ba, kuma babu wanda ya gan ta a gidan. Abin da aka tarar da asuba shi ne sawu a kan rairayi, da jini a jikin kara, da igiya tsinkakkiya a turke. Kusan duk abin da Bahaushen karkara ya sani game da dabbobin dare ta wannan hanya ya zo masa: kuka daga nesa, sawu da safe, sai kuma labarin maharbi wanda ba a rasa ɗan gishiri a cikinsa. Mun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin dare ji ne ya yi mulki shekaru aru-aru, domin gani ba shi da fitila.

Kafin fitilar ta samu, kurar ta riga ta yi ƙaura, kuma dalilin ƙaurarta yana cikin tarihin ƙasar noman da ke kewaye da birnin Kano. Tun a 1851, lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya ratsa wannan yanki, ya yaba yawan jama'arsa da albarkar gonakinsa. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi, sai sauran kurmi da saura suka bi garma da fartanya. A 1965 masanin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka wallafa bincikensu kan wannan yanki mai cunkoson gidaje da gonaki, inda ake noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, ana ciyar da shi da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Manomi ya bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya saboda amfaninsu, amma bai bar duhuwar da babbar dabba za ta yini a ciki ba. Yaron Bacirawa na yau, in ya taɓa ganin kura, to a gidan zoo na Audu Bako ne, ko kuwa da takunkumi a hannun gardi ranar kasuwa.

A can wata nahiyar kuwa ana ta ƙera ido. A shekarar 1800 William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya raba hasken rana zuwa launuka da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a inda muke kira duhu. Shi ne ake ce wa infared a yau. Sai dai an daɗe kafin wannan ilimi ya haɗu da kyamara, kuma wanda ya fara ɗauko hoton dabbar dawa da dare ta wata hanya dabam ya bi.

George Shiras, wani lauya Ba'amurke, ya koyi dabarar ne daga maharban ƙabilar Ojibwa a yankin Michigan, waɗanda kan kunna wuta a goshin kwalekwale su bi gaɓar ruwa da dare. Barewa na ganin haske sai ta tsaya cak, idanunta na ƙyalli, maharbi ya saki kibiya. Duk wanda ya san maharbanmu masu fitilar goshi ya san wannan dabara sarai. A shekarun 1890 Shiras ya ajiye bindiga ya ɗora kyamara a wurinta, da garin magnesiyam mai tashi fau kamar walƙiya. Daga baya ya ɗana zare a kan hanyar dabbobi, ta yadda dabbar da ta taɓa shi ita ce za ta ɗauki hoton kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a watan Yulin 1906, har wasu manyan ƙungiyar biyu suka yi murabus don fushin cewa ana mayar da mujallar ilimi littafin hotuna. Abin lura a nan shi ne, kyamarar dare jikar tarko ce, kuma har yau sunan da take amsawa ke nan: kyamarar tarko.

Aibin walƙiya a fili yake. Dabbar da ta firgita ba halinta take nunawa ba, tsoronta take nunawa. Infared ne ya warware wannan. Kyamarar tarko ta zamani akwati ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ana ɗaure ta a gindin itace a tafi a bar ta makonni. Tana da na'urar da ke jin motsin jiki mai ɗumi. Da zarar dabba ta gitta sai ta kunna ƙananan fitilu masu hasken da ya gota iyakar ganin ɗan Adam da na yawancin dabbobi. Hoton kan fito fari da baƙi, idanun dabbar kamar garwashi biyu. Akwai kuma wadda ba ta haska komai, zafin jiki kawai take karantawa, da wadda ke tattara ɗan hasken farin wata da taurari ta ninka shi. Da irin waɗannan ne BBC ta nuna wa duniya a shirin Planet Earth na 2006 yadda zakuna kusan talatin suka kayar da giwa cikin dare a Botswana.

Shirin da ya tsaya mini a rai shi ne na biyunsa, na 2016, wanda na kalla a wayar wani abokina a ɗakin kwanan ɗalibai. An nuna Harar ta ƙasar Habasha, tsohon birnin Musulmi mai ganuwa da ƙofofi kamar Kano, inda kuraye ke shigowa lunguna da dare su ci ƙasusuwan da mahauta suka bari, mutane kuma ba su ko ɗaga murya. Na ji wani abu mai kama da kishi. Kurar tatsuniyoyinmu, wadda Gizo ya sha yi wa wayo, ga ta tana tafe a lungun wasu, mu kuwa sunanta kawai ya rage mana a karin magana.

Idon ya iso yankinmu a makare, kuma ta gefe ya shigo. A 2010 masu bincike na ƙungiyar Sahara Conservation Fund suka samu hotunan dare na rabbi, siririn ɗan'uwan damisar nan mai tsananin gudu, a duwatsun Termit da ke arewa maso gabas da Damagaram a Nijar. Fari fat ya fito, ƙashin haƙarƙari a waje, kamar fatalwa. Bayan shekara biyu, a 2012, gwamnatin Nijar ta ayyana Termit da Tin Tumma a matsayin gandun da aka keɓe. A Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka keɓe tun 1956, an daɗe ana zaton damisa ta ƙare, sai ga kyamarar ƙungiyar WCS ta kama namiji guda a watan Afrilun 2017. Amma shaida ba kullum take zuwa da albishir ba. Binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal, biyu daga ciki a Nijeriya: Yankari da Kainji. Dajin Falgore namu na kudancin Kano kuwa, a shekarun nan an fi jin sunansa a labarin ɓarayin shanu da sansanin soja fiye da labarin namun dawa.

A nan ne nake da ƙorafi kan yadda ake rubuta wannan tarihi. Kyamara ba ta ba da shaida sai a kan inda aka ɗaure ta, masu ɗaure ta kuma zaki da damisa suke nema, domin su ne ke jawo tallafi da masu kallo. Gonakin da miliyoyin mutane ke kwana a tsakiyarsu an ɗauke su tamkar wurin da dare ya mutu. Alhali bai mutu ba. Bushiya na fita kiwo bayan isha'i. Gafiya na haƙa a gindin rumbu, jemagu na sauka kan mangwaro da ɗinya, zomo na yi wa wake ɓarna. Mujiya, wadda muke jifa saboda camfi, ɓerayen da ke cin hatsinmu take kwana tana kamawa, kuma ina ganin hoton minti ɗaya na wannan aiki nata zai yi abin da wa'azin malamin gona na shekara bai yi ba. Kyamarar da za ta ɗauko shi ba ta fi kuɗin ragon layya ba. Da makarantun sakandare da sassan nazarin halittu na jami'o'inmu za su ɗaura goma a gonakin arewacin Kano na damina uku, da an samu kundin da jikokinmu za su buɗe, maimakon su dogara da irin shaidar da kakana ya bar mini.

Lokacin kuma ba shi da yawa, domin birni na tahowa da bulo da fitilun sola. A daminar bara an wayi gari da wani ƙaramin sawu a bakin gonar gyaɗar kawuna. Wani dattijo ya duƙa ya duba ya ce yanyawa ce; wani ya rantse tunku ne; matasa suka ce kyanwar gidan maƙwabta ce kawai, aka yi dariya aka watse. Kafin kaka ta ƙare an sayar da gonar, an yanka ta fuloti goma sha biyu, an kafa duwatsun shaida a kusurwoyinta.