Kayan Afirka a Bayan Gilashi: Tarihin Gidan Pitt Rivers

A shekarar 1884 wani Janar na sojan Birtaniya, Augustus Pitt Rivers, ya ba Jami'ar Oxford kyautar kayan da ya yi shekara talatin yana tarawa, kimanin dubu ashirin. Da bindigogi ya fara, domin aikinsa a soja shi ne gwajin sababbin bindigogi. Daga nan sha'awar ta kai shi ga masu, kwari da baka, garkuwa, fartanya da gatari na al'ummu iri-iri. Gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa yau yana da kaya fiye da 500,000, kuma rabon Afirka a ciki ba kaɗan ba ne.

Janar ɗin bai jera kayansa ƙasa-ƙasa ba. Iri-iri ya jera su: kibau wuri guda, wuƙaƙen jifa na yankin Chadi da Kwango wuri guda, kayan saƙa wuri guda. Nufinsa mai kallo ya ga yadda kowane makami ya taso daga mai sauƙin ƙira zuwa mai wuyar ƙira, kuma a wannan lissafi Turai ce kullum a sama. Tsarin yana da daɗin kallo, amma ya yi ɓarna babba. Da zarar kibiya ta shiga sahun kibau, ta rabu ke nan da maharbin da ya fere ta, da maƙerin da ya ƙera bakinta, da dajin da aka yi ta dominsa. A kan 'yar takardar da ke jikinta za a ga sunan Baturen da ya kawo ta da shekarar da ta iso. Sunan mai ita da wuya a gan shi.

Alhali ilimin yana wurin mai ita. Dafin da maharban ƙasar Hausa ke dafawa da 'ya'yan kwankwani ɗan'uwa ne ga wanda John Kirk, likitan tawagar Livingstone, Baturen nan mai yawon bincike, ya gani a hannun maharban yankin kogin Zambezi. Aka ɗauki 'ya'yan itacen da ake yin wannan dafi da su zuwa Birtaniya, Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh ya yi bincike a kansu, kafin ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai suna ba masu ciwon zuciya maganin da aka tace daga cikinsu. Littattafai sun riƙe sunan Kirk da Fraser, maharban kuwa ba a waiwaye su ba.

Kayan adon duwatsu ne suka tayar da maganar masu kayan na asali, wadda aka daɗe ana kauce mata. Ƙananan duwatsun gilashi masu launi da aka san Masai na Kenya da Tanzaniya da su, daga masana'antun Turai fatake suka riƙa shigo da su a ƙarni na 19, matan Masai kuma suka mayar da su abin wuya, 'yan kunne da adon tufafin fata. Kowane yana faɗin matsayin mai shi: budurwa ce ko matar aure, ɗan wane gida ne, wane ne magajin uba.

A 2017 Samwel Nangiria, mai fafutukar kare haƙƙin Masai daga Tanzaniya, ya ziyarci gidan. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. An rubuta wa wasu kayan bayanin da ba daidai ba, wasu kuma kaya ne da ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Shugabar gidan, Laura Van Broekhoven, ba ta rufe ƙofa ba, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Wakilan Masai suka yi ta zuwa Oxford suna duba kayan ɗaya bayan ɗaya, da ja-gorancin Mokompo Ole Simel, babban jagoransu na al'ada. Suka ware guda biyar, ciki har da abin wuya mai shuɗayen duwatsu da abin hannu, waɗanda ɗa ke gada daga mahaifinsa. A ganinsu irin wannan ba ya barin jikin mai shi sai an kashe shi ko an ƙwace da ƙarfi, kuma rashinsa yana jawo wa zuriyar masifa.

Aka bi diddigi har aka gano gidajen da kayan suka fito. A 2023 aka yi bukukuwan sulhu a Kenya da Tanzaniya, aka ba iyalan shanu bisa al'adar Masai ta biyan diyya. Mutane da yawa sun zaci abin da zai biyo baya shi ne ɗaukar kayan zuwa gida. Wakilan da suka koma Oxford a 2024, cikinsu har da 'yan waɗannan gidaje, sun riƙe kayan kakanninsu da hannuwansu, suka yi shawara a tsakaninsu, sannan suka yanke cewa kayan su ci gaba da zama a gidan tarihin, a rubuta tarihinsu na gaskiya, a kuma bar wa Masai ƙofa a buɗe su zo su gan su.