Sanƙarau da likitan da ya bi sawunsa

A taron ƙungiya na bayan girbi an roƙe mu, mu malaman lakwal, mu riƙa rubuto ɗan tarihi cikin wagga takarda. Tunda hunturu ya kama, bazara kuma tana tafe, mun ga ya dace mu fara da ciwon da ke zuwa da rani, wato sanƙarau, da labarin wani likita wanda ya yi shekaru yana bin sawunsa. Muna roƙon wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Abin da tsofaffi sunka sani

Tun muna yara muke ji ga bakin kakanninmu cewa sanƙarau ciwon rani ne. Yana fara leƙowa cikin hazon hunturu, ya yi ƙarfi cikin zafin bazara, kuma da ruwan fari ya sauka sai a neme shi a rasa. Sun ce ba kowace shekara yake ɓarna ba. Yakan yi shiru shekara da shekaru, sa'annan ya dawo ya shiga gida gida.

Takardun Nasara sun nuna babbar annoba ta farko da anka rubuta cikin ƙasar Hausa ta tashi a 1905 a arewacin Najeriya, ta bazu yamma har ta kai garuruwan bakin Kwara. Ta sake dawowa wajen 1921, da ƙarshen shekarun 1930, da wajen 1950. Kafin a samu maganin sulfa, ƙarshen shekarun 1930, kusan babu abin da likita ke iya yi ma wanda ya kamu. Dabarar kumandan ita ce a tsare hanyoyi, a hana cin kasuwa, a fid da marar lafiya bayan gari cikin bukka. Wanda ya ga an tafi da ɗansa bai dawo ba, gobe in ƙanen ya kwanta sai ya rufe ƙofa ya yi shiru. Muna zaton daga nan ne ɗabi'ar ɓoye ciwo ta samu gindin zama, kuma har yau ba ta bar mu duka ba.

Likita Lapesoni

Sunansa Léon Lapeyssonnie, mu ce Lapesoni. Bafaranshe ne, likitan soja, an haife shi a 1915, ya rasu a 2001. Ya fara aiki cikin shekarun 1940 a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, yana yaƙi da ciwon barci. Can ya koyi aikin yawo: likita ya ɗauki kaya ya bi ƙauyuka neman marasa lafiya, kada ya zauna bariki yana jiransu. Ba mu manta ba ma'aikacin mulkin mallaka ne da farko, kuma wannan mulki ya ƙuntata ma kakanninmu. Amma aikin da za mu faɗa ya yi shi ne bayan ƙasarmu ta samu ƴancin kai a 1960.

A farkon shekarun 1960 sanƙarau ya tashi a Nijar, Lapesoni yana cikin waɗanda sunka zo. Ya tarar da marasa lafiya da yawa, anfirme kaɗan, maganin kuma sai an yi ta ba mutum sau da yawa kowace rana. Shi da abokan aikinsa sunka gwada wani irin sulfa mai daɗewa cikin jiki, allura guda tak, sunka rubuta sakamakon a 1961. Da haka anfirme guda ya iya duba gari sukutum.

Babban aikinsa ya fito a 1963 cikin mujallar hukumar lafiya ta duniya, OMS, da sunan La méningite cérébro-spinale en Afrique, shafi ɗari da wani abu. Ya tattara rajista da rahotannin likitocin ƙasashe da dama, na shekaru masu yawa, ya jera su wata bayan wata, ya aza su bisa taswira. Sai ya ga ƙasashen da annoba ke yawan komawa sun jeru gabas da yamma kamar ɗamara, har Sudan. Iyakar ɗamarar daga arewa ita ce inda ruwan sama ke kai milimita 300 a shekara, daga kudu kuma inda yake kai 1100. Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai duk suna ciki. Shi ya raɗa mata suna ɗamarar sanƙarau, kuma yau ana lissafa ƙasashe 26 cikinta, daga Senegal zuwa Habasha. Ya kuma tabbatar da maganar tsofaffi: ciwon yana tashi da rani, yana faɗuwa da zuwan damana, babbar annoba tana dawowa bayan ƴan shekaru. Yanzu masana suna cewa tsakanin shekara 5 zuwa 12.

A lura da abu guda. Irin waɗannan lambobi sukan fito ne daga hannun wani anfirme ɗan ƙasa da ya rubuta cikin kaye, da wani mai gari da ya aika manzo ga sarki ko ga likita. Garin da ya yi shiru bai shiga lissafi ba.

Yadda ciwon ke tafiya

Ƙwayar sanƙarau tana zama cikin maƙogwaro da bayan hanci. Mutane da yawa suna ɗauke da ita suna lafiya lau, ba su sani ba, suna ba wasu ta tari, atishawa da kwana ɗaki guda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masana suna ganin ƙura da busasshiyar iska ne ke raunana cikin hanci, ƙwayar ta samu hanya zuwa jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. In ba magani, rabin waɗanda sunka kamu suna iya mutuwa. Da magani, wajen ɗaya cikin goma. Cikin waɗanda sunka tashi, akwai mai rasa ji ko mai samun farfaɗiya. Akwai wata ɗiya cikin ajinmu da muke zaunarwa gaban allo don ta riƙa duban bakinmu. Ta kwana biyu gida ana jiƙa mata sassaƙe kafin a aza ta bisa amalanke.

Daga magani zuwa rigakafi

Kafin shekarun 1960 su ƙare, ƙwayar ta fara ƙin jin sulfa. Lapesoni ya dage sai an nemi allurar rigakafi. Wani masani a Amurka, Emil Gotschlich, ya gano hanyar haɗa ta a 1969. Lapesoni ya matsa ma Charles Mérieux, mai masana'antar allurai a Liyon, ya yi ta da yawa. An gwada ta Masar da Sudan a farkon shekarun 1970, ta yi aiki. Da annoba ta afka ma Barazil a 1974, an yi ma mutane wajen miliyan 90 lamba cikin 1975.

Sai dai wagga allura tana da gazawa. Kariyarta ba ta wuce shekara uku ba, ba ta kama jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu sosai, kuma ba ta kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. Don haka ba a yin ta sai annoba ta nuna kai, kuma ba a sanin ta nuna kai sai ta ƙidaya. A 1995 Nijar ta sha wuya ƙwarai. A 1996 da 1997 sama da mutum dubu 250 sunka kamu cikin ƙasashen ɗamarar, wajen dubu 25 sunka rasu. Mu lokacin muna ƙanana, amma iyayenmu suna tunawa. Bayan haka ne, a 1997, anka kafa rumbun ajiyar allurai na duniya don gaggawa.

A ƙarshen 2010 anka fara sabuwar allura, MenAfriVac, wadda anka haɗa a Indiya, a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga ƴan shekara 1 zuwa 29. Da yawa daga cikinmu mun bi layi mun karɓa. Ita tana daɗewa, tana kuma wanke maƙogwaro. Irin ƙwayar da ake kira A, wadda ta fi kashe kakanninmu, ba a sake tabbatar da ita cikin ɗamarar ba tun 2017. Amma sanƙarau iri iri ne. A 2015 irin C ya tashi, ya fi tsanani Yamai da Doso, wajen mutum 8500 sunka kamu, sama da 500 sunka rasu, har anka rufe lakwal na Yamai ƴan kwanaki, allura kuma ta yi ƙaranci. A 2024 Najeriya da Nijar sunka fara amfani da allura mai kama iri biyar: A, C, W, X da Y.

Lissafin da ya rataya gare mu

Ga ƙa'idar OMS tun 2014. Kowane mako majo yana aika adadin waɗanda ake zato. Cikin mutum dubu 100, in 3 sun kamu mako guda, a shiga shiri. In sun kai 10, annoba ce, a nemi allura, kuma ana so a fara yin ta kafin mako huɗu. Inda jama'a ba ta kai dubu 30 ba, mutum 2 mako guda gargaɗi ne, 5 annoba. To, a ce garuruwa biyar na karkararmu kowane ya ɓoye mutum guda. Kayen majo zai nuna babu kowa, Yamai ba za ta ji ba, allura ba za ta taso ba sai an fara haƙa kushewa.

Haka kuma zancen ɗebo ruwan baya da mutane ke tsoro. Ɗan ruwan ne ake aikawa cibiyar bincike ta CERMES a Yamai don a san wane iri ne ya shigo. In ba a sani ba, ana iya kawo allurar da ba tasa ba.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare, ko jinjiri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, a tafi likita ranar nan, kada a jira gari ya waye sau biyu. A kuma sanar da mai gari. Yau ba a fid da kowa bayan gari. Ku ƴan ci-rani masu kwana goma ɗaki guda, in ɗayanku ya kwanta ku kai shi asibiti nan take, ku buga waya gida. In an yi shelar lamba inda kuke, ku karɓa, ku adana katin. Muna kuma kawo shawara ga taro mai zuwa: a ware wani abu cikin asusun ƙungiya don kuɗin mai, daga Janairu zuwa faɗuwar ruwa, kada wani gida ya jinkirta don rashin abin hawa.

Dattawan da sunka ga annobar da, muna roƙon su ba mu lokaci mu zo da kaye mu rubuta abin da sunka gani, shekara da unguwa, don garinmu shi samu nasa tarihi. Allah shi tsare mu da zuri'armu, shi kai mu damana lafiya. Amin.