Sikila, Amosanin Jini da Gaɓa ta Shida

Duk wanda ya taɓa karɓo takardar gwajin jini a Suleja gabanin ɗaurin aure ya san haruffan nan: AA, AS, SS, wani sa'in AC ko SC. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai rubuta haruffa biyu ya buga hatimi, a ninke takardar a kai wa waliyyai, daga nan ko a sa rana ko a ba juna haƙuri. Amma tambayi mutum goma me harafin S ɗin yake nufi, amsarsu ba za ta wuce "sikila" ba. To, ita sikilar daga ina ta samo sunanta, kuma sunan ya kai ga ainihin cutar?

Sikila kalmar aro ce, daga sunan lauje a Turanci. A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya wallafa bayanin jinin wani ɗalibin likitancin haƙori, Walter Clement Noel, ɗan tsibirin Giranada, inda aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. A 1922 Verne Mason ya laƙaba wa cutar sunan da ya bi duniya. Suna ne na mai leƙa madubin likita. Namu na gida, amosanin jini, suna ne na mai jinya, uwar da ta kwana riƙe da yaro yana kuka da ƙashi a daren hunturu, hannuwansa sun kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Bahaushe ya san amosanin ƙashi, sai ya lura wannan ciwon gaɓoɓin tushensa a jini yake, kuma bai yi kuskure ba. Likitan Gana Felix Konotey-Ahulu ya tattara irin waɗannan sunaye a ƙasarsu, kamar "chwechweechwe" na Ga da "nuidudui" na Ewe, waɗanda maimaicin da ke cikinsu yake nuna ciwo mai gwaguyar jiki ba sassauci.

Sunayen nan duka sun tsaya ne a kan abin da ido ya gani ko jiki ya ji. Inda ɓarnar take faruwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma nan ne Hausa ba ta riga ta zauna a kan kalmomi ba.

Abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ne himogulobin, wani nau'in furotin. Mun saba fassara furotin da "sinadarin gina jiki". Fassarar ta dace da zancen wake da ƙwai da nama, amma a nan ta gaza, domin himogulobin dako yake yi, ba gini ba. Gara a bar masa sunansa na aro. Kowane furotin jeri ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, masu iri 20, a shirye ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Himogulobin na babban mutum jeri huɗu ne: alfa biyu, kowanne da 141, da beta biyu, kowanne da 146, jimla 574.

Masana suna kiran kowane ɗaya a cikin jerin "residue", wato ragowa, saboda idan amino asid biyu suka haɗu sukan saki ɗigon ruwa, abin da ya rage shi ne ke zama a jeri. A Hausa ragowa tana kai tunani ga abin da aka ci aka bari, alhali wannan shi ne ainihin kayan. "Ƙwaya" kuma ta riga ta yi wa kanta yawa: ta jini, ta cuta, ta magani, ta hatsi. Ni dai "gaɓa" na zaɓa. Malaman nahawu sun daɗe suna cewa gaɓar kalma, kowa kuma ya san gaɓa abu ce mai haɗe da ta gabanta da ta bayanta, wadda ake iya ƙirgawa.

Jerin nan ba ya zama a miƙe. Dunƙulewa yake yi, kamar yadda carbi ke dunƙulewa a tafin hannu har ɗan da ke farko ya jingina da wanda ke can tsakiya. Wannan jinginar ce masana ke kira "contact". Masu hasashen siffar furotin sukan ƙidaya gaɓoɓi biyu a matsayin masu jingina idan tazararsu ba ta kai angistirom 8 ba. Angistirom kuwa, wanda ya ci sunan masanin Suwidin Anders Ångström, shi ne ka raba milimita ɗaya gida miliyan 10. Tunda tazara ake aunawa, "taɓa juna" bai cika daidai ba. "Maƙwabtaka" ta fi, don ta ƙunshi kusanci, ta kuma ƙunshi hali: gaɓoɓi masu gudun ruwa sukan taru a ciki su ɓuya, masu son ruwa su zauna a waje.

A nan cutar take. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. A 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya nuna bambancin gaɓa ɗaya tak ne a jerin beta, ita ce ta 6. A jinin AA gulutamik asid ne a wurin. Sunansa daga danƙon alkama ya fito, inda Bajamushe Karl Ritthausen ya fara ciro shi a 1866, kuma gishirinsa ne farin magin da ake barbaɗawa a miya. Mai son ruwa ne, zaman waje bai dame shi ba. A jinin S kuwa balin ne ya maye gurbinsa, mai sunan wani tsiro da ake kira baleriyan, shi kuma ba ya shiri da ruwa, ga shi an ajiye shi a waje. Da zarar himogulobin ya sauke oksijin ɗinsa, balin na gaɓa ta 6 sai ya samu wani ɗan lungu a jikin himogulobin na kusa da shi, tsakanin fenilalanin na gaɓa ta 85 da lusin na gaɓa ta 88, ya shige ya lafe. Wancan ma ya kama na gaba, na gaba ya kama na gabansa, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri, kowanne tufka 14, su tokare ƙwayar jinin daga ciki ta lanƙwashe. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kafin nan kuma ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan ta wuce maƙwabtaka, "liƙewa" ya kamata a kira ta.

Da waɗannan kalmomi uku ana iya amsa tambayar da iyaye mata ke yawan yi: me ya sa jariri yake lafiya lau sai ya doshi wata shida ciwon ya bayyana? Himogulobin na jarirai wani iri ne daban, wanda a gaɓa ta 87 yake da gulutamin, kuma yana hana liƙewar yin nisa. Yayin da yake raguwa a jini, ciwon ke samun hanya. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke rubutawa aikinsa ke nan, ya ƙara yawan wannan himogulobin na jarirai. Akwai kuma maganin Niprisan, wanda aka samar a cibiyar NIPRD da ke Idu, ba nisa da Suleja, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe. Cikin tsirrai huɗu da aka haɗa shi da su akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da ba baƙi ba ne a kasuwar Suleja, kuma gwajin ɗakin bincike ya nuna yana jinkirta liƙewar. Wannan ba izini ba ne mutum ya dafa nasa a gida; awo da tacewa su ne maganin.

Mutanen Suleja, garin da ya bayar da tsohon sunansa Abuja ga babban birnin tarayya, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, ba sa bukatar a faɗa musu nauyin suna. Abin da ke damuna shi ne, inda babu kalmar bayani, zargi ke shiga. Na sha jin an ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, ko an ce iska ce, ko maita, alhali yaron SS ya gaji balin ɗin nan ne ta wajen uwa da ta wajen uba baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar a Nijeriya duk shekara.

Ina roƙon malaman kimiyya na makarantun sakandaren Suleja, da ma'aikatan ɗakunan gwaji, da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo, su gwada gaɓa da maƙwabtaka da liƙewa a bakinsu, in sun samu waɗanda suka fi su kawo. Kuma idan za a miƙa wa saurayi da budurwa takarda mai AS da AS, a zaunar da su a faɗa musu da Hausa cewa a kowane ciki, ba a cikin 'ya'ya huɗu jimla ba, akwai yiwuwar ɗaya bisa huɗu a haifi SS.